Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

 Na san yanzu kowa ya duƙufa kan littafi, domin jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato. Allah ya ba da sa'a.

A makon jiya na sami wasiƙa daga wata ɗaliba 'yar aji biyar, sakatariyar ƙungiyar masu nazarin labarin ƙasa ta makarantarsu. Ta ce malamansu sun amince za su kai su Duwatsun Shere da ke gefen Jos a hutun Disamba. Tafiyar ƙafa ce ta yini uku, za su kwana biyu a waje, kowa da jakarsa a baya. Ta rufe wasiƙar da tambaya ɗaya: "Yaya, me da me za mu saya?"

Ƙanwata, kada ku sayi komai tukuna. Bari in ba ki labarin abin da ya sa na ce haka.

Ina aji huɗu muka yi irin wannan tafiya, mu goma sha biyu da malami ɗaya, zuwa wasu duwatsu da ba su da nisa da garinmu. Mun yi karo-karo, ana gobe tafiya muka shiga kasuwa. Muka sayo manyan doya guda biyar, da gwangwanayen kifi, da shinkafa kwano guda, muka aro tukunyar ƙarfe. Wani ya taho da rediyo. Ni kuwa na sa sabon kambas da aka saya mini na sallah, ban taɓa taka ƙasa da shi ba. Ruwa gora ɗai-ɗai muka riƙe, domin wani a cikinmu ya ce yayansa ya gaya masa akwai rafi a hanya.

Rafin yana nan, amma da muka isa bayan azahar yashi muka tarar. Ashe yayan nasa da damina ya je, mu kuwa a watan Janairu muka je. Kafin la'asar ruwan kowa ya ƙare, ƙafafuna duka biyu sun yi bororo sun fashe, ƙaramin cikinmu kuma ya zauna a kan dutse ya ce yana ganin jiri, ya fara amai. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar malaminmu ba sai ranar. Wani yaro makiyayi ne ya ja mu zuwa wata rijiya a bayan tudu, tafiyar kusan awa ɗaya, muna karɓa-karɓa wajen goya mara lafiyar. Washegari da safe muka juyo gida. Doyar nan da ta kusa karya mana baya, ko ɗaya ba mu fere ba. Mutanen rugar da suka ba mu ruwa muka bar wa.

Kuskurenmu ɗaya ne: da kasuwa muka fara, alhali ita ce ta ƙarshe. Ana fara sanin hanya, hanya ta nuna inda ruwa yake, sannan a lissafa abinci, sannan a zaɓi kaya. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da, a arewacin ƙasar Gana ta yanzu, haka suke yi. Ayari yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san hanya, kuma kafin a ɗaura wa jaki kaya an san zangon da za a sauka. Mu ma haka za mu bi maganar yau, ɗaya bayan ɗaya.

Ku san inda za ku

Duwatsun Shere suna gabas da birnin Jos, tazarar kamar kilomita 10. Shi kansa Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai kimanin mita 1,829. A nan ne makarantar hawan dutse ta cibiyar horar da matasa da aka fi sani da Man O' War take, cibiyar da aka fara a 1951. Wato wurin ya saba da ɗalibai masu jaka a baya, kuma akwai mutanen da suka san kowane lungu nasa.

Wannan tsayi yana da ma'ana ga wanda zai kwana a waje. Malamin labarin ƙasa ya koya muku cewa duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Kano ba ta kai mita 500 ba. Ke nan wanda ya taso daga Kano ya hau saman Shere zai ji bambancin digiri takwas ko fiye, ga kuma iskar hunturu ba abin da ya tare ta. A daren Disamba da Janairu sanyin Jos yakan sauko kusa da digiri 10. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi wajen maganar bargo.

Kafin taswira akwai maganar da ta fi ta nauyi, wato tsaro. Dukanmu mun san halin da wasu hanyoyi da dazuzzukanmu suke ciki, Jihar Filato ma ta sha ganin tashin hankali. Saboda haka wannan ba tafiyar da abokai za su shirya a ɓoye ba ce. Sai da izinin shugaban makaranta, da sa hannun iyayen kowa a takarda, da malamai aƙalla biyu, in da 'yan mata a ciki dole da malama. Malamai su sanar da 'yan sandan yankin, su je su gaida mai garin da za a ratsa, su nemi ɗan gari ya yi muku jagora. Idan mutanen wurin suka ce a dakata, to a dakata, ko da an riga an ɗaure jaka. Dutsen yana nan, baɗi ma hutu ne. Kuma kada kowa ya sa ranar tafiya da wurin kwananku a Facebook ko WhatsApp. Hotuna su jira sai kun dawo.

Ku tuna kuma ƙasar mutane za ku shiga. Akwai gonakin acca da na dankali, akwai garken shanu, akwai wuraren da mutanen gari suke girmamawa ba sa so baƙo ya taka. Ku yi gaisuwa, ku bi gefen gona, kada ku tsinki abin da ba ku shuka ba, kada ku ratsa tsakiyar garke. Matambayi ba ya ɓata.

Auna hanya da zare

Ga inda darasin karanta taswira da kuke yi don jarrabawar WAEC zai yi muku rana. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita biyu daidai suke da kilomita ɗaya a ƙasa. Ku ɗauki zare ku bi da shi kan hanyar da za ku taka, duk inda ta lanƙwasa ku lanƙwasa shi, sannan ku miƙe shi a kan rula. Zare mai santimita 18 yana nufin kilomita 9. Daga nan ku ƙirga layukan nan masu nuna tsayi, ku ga mita nawa za ku hau. Inda layukan suka matsu da juna, hawan yana da tsanani.

Nisa kaɗai ba ya gaya maka lokacin da za ka isa. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da wata ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake aiki da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Amma ƙa'idarsa ta ƙaƙƙarfan mutum ce wanda ya saba. Ku da kuke ɗauke da kaya, kuna taka duwatsu da ciyawa, kuna jiran juna, ku lissafa kilomita 3 a awa.

Mu gwada. A ce zangon ranar farko kilomita 9 ne da hawan mita 300. Tafiya awa uku, hawa rabin awa, hutun minti goma bayan kowace awa ya ba da wata rabin awar. Awa huɗu ke nan. A ƙara awa ɗaya ta abincin rana da sallah, ta zama biyar. In kun tashi ƙarfe takwas na safe, ya kamata ku isa ƙarfe ɗaya na rana. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, don haka ku ƙulla wa kanku doka cewa ƙarfe huɗu ta same ku a masauki. Kafa tanti da hura wuta cikin duhu da sanyi wahala ce da ba ta da dalili.

Ga yini uku, ku sa ranar farko ta zama matsakaiciya domin jaka tana cike kuma jiki bai saba ba. Rana ta biyu ita ce ta hawa mai tsawo. Ta uku ta zama gajera, gangara zuwa inda mota take jira. A kowace rana ku nemi hanyar fita, wato ƙauye ko titin da ya fi kusa in wani ya kasa. Ku kuma tsayar da lokacin juyawa: in ƙarfe kaza ta yi ba mu kai saman dutse ba, za mu juyo, ko saura taku ɗari.

Duk wannan a rubuta shi a takarda ɗaya: sunayen matafiya, wurin kwanan kowane dare, lokacin tashi da na isa, lambobin waya, da lokacin da za a fara nemanku in ba a ji daga gare ku ba. A yi kwafi uku, ɗaya ga shugaban makaranta, ɗaya ga wani uba ko uwa, ɗaya a aljihun malami. Ana iya sauke taswirar yanki a waya tun daga gida, kuma GPS yana nuna inda kake ko babu sabis. Sai dai caji yana ƙarewa, waya tana faɗuwa a kan dutse. Takarda da jagora ɗan gari su ne madogara.

Abu na ƙarshe game da hanya: saurin ayari shi ne saurin wanda ya fi kowa nawa. Shi za a sa a gaba, bayan jagora. Malami ɗaya ya tsaya a ƙarshe, kada kowa ya zama a bayansa. Duk inda aka huta a ƙirga kai kafin a tashi.

Ruwa shi ke zaɓar masauki

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka mai guda ashirin kuwa kilo 10 ke nan cur. Mai tafiya da kaya yana buƙatar lita uku zuwa huɗu a yini don sha da girki, ban da na alwala da wanke hannu. A yini uku lita 9 zuwa 12 ke nan ga mutum ɗaya. Babu ɗalibin da zai ɗauki wannan tare da sauran kayansa. Don haka dole kowane masauki ya kasance kusa da rijiya ko famfon burtsatse, kuma dole a tabbatar suna da ruwa a wannan watan, daga bakin wanda ya gani da idonsa cikin kwanakin nan. Maganar "an ce akwai rafi" ita ta kusa hallaka mu.

Kowa ya riƙi gorunan da za su ɗauki lita uku, a cika su kowace safiya. Ruwan rafi ko na buɗaɗɗiyar rijiya, komai haskensa, a tace shi da tsumma mai tsabta sannan a tafasa, a bar shi yana ɓararraka na minti ɗaya cikakke. Ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. A hunturu iska busasshiya ce, gumi yana bushewa nan take, mutum ba ya jin ƙishirwa sosai alhali jikinsa yana rasa ruwa. Ku riƙa kurɓa a kai a kai. In fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, jiki yana neman ruwa ke nan.

A tudun Jos za ku ga manyan kududdufai masu kyan gani. Da yawansu ramukan haƙar kuza ne da aka bari, suna da zurfi ƙwarai, bakinsu yana zaftarewa, sun kuma ci rayuka. Babu wanka a cikinsu, babu wasa a bakinsu. Ruwan da ke kwance kuma yana iya ba mutum tsargiya.

Guzuri mai ƙarfi, mara nauyi

Matashin da ya yini yana hawa da kaya yana ƙona kusan kalori 3,000. Tambayar ita ce, wane abinci ne zai ba da wannan ƙarfi ba tare da ya danne kafaɗa ba? Giram 100 na gyaɗa yana da kalori kusan 570. Na garin kwaki kusan 350. Na dabino kusan 280. Na ɗanyar doya kuwa kusan 120 ne kawai, na dankalin Turawa bai kai 80 ba, domin yawancinsu ruwa ne. Wanda zai dogara da doya sai ya ci kilo biyu da rabi a yini. Wanda ya haɗa busassun abinci, giram 700 zuwa 800 sun ishe shi. Da yake karin kumallon ranar farko da abincin daren ranar ƙarshe a gida za a ci, kilo biyu na busasshen guzuri zai kai mutum ya dawo da shi.

Abin daɗin shi ne ba sai an nemo wani abincin waje mai tsada ba. Ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, dambun nama, soyayyar gyaɗa, aya, dabino, garin kunu, duk guzurin matafiya ne tun kaka da kakanni, ba sa lalacewa a kwana uku. Ga yadda nake tsara yini:

Da safe, abu mai zafi: shayi da madarar gari, da kunu. Burodi ya yi wa safiyar farko a daji, bayan nan yakan murƙushe.

Da rana, abin da ba ya son wuta: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, ko da yaji da ɗan mai da albasa, a bi da kilishi. Gyaɗa da dabino su zauna a aljihu, ana tafe ana ci kaɗan-kaɗan.

Da dare, girki ɗaya na kowa da kowa: taliya ko kuskus ko Indomie, da dambun nama ko busasshen kifi, da man gyaɗa da dunƙule. Kuskus minti biyar ya ishe shi. Wake kuwa ku bar shi a gida, yana cin itace da ruwa da lokaci.

Dafaffen ƙwai da lemo a cinye su ranar farko. Gwangwani da kwalba nauyi ne da za ku ɗauka zuwa da dawowa. A juye mai a ƙaramar gorar roba mai murfi, a ɗaure ta cikin leda biyu. A ƙulla abincin kowane lokaci daban, a rubuta a jiki, misali "Asabar, dare", don kada masu ci da yawa su cinye na gobe yau. Kowa kuma ya ajiye ƙullin gaggawa, dabino da gyaɗa cikin tafin hannu biyu, wanda ba a taɓawa sai an makara ko an ɓata. Ku tambayi juna tun yanzu ko akwai wanda gyaɗa ko wani abinci ba ya karɓarsa.

Sikeli shi ne alƙali

Ƙa'idar da na fi yarda da ita ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Ɗalibi mai kilo 50, jakarsa kilo 10. Mu raba: ruwa kilo 3, abinci kilo 2, ita jakar kilo 1, bargo da shimfiɗa kilo ɗaya da rabi, tufafi kilo ɗaya da rabi. Saura kilo 1, shi ne rabonsa na kayan tarayya. Kun ga babu gurbin rediyo.

Takalmi shi ne kan gaba. Tsohon kambas mai ƙarfi da ya saba da ƙafarka, wanda ƙasansa bai shafe ba, ya fi sabo komai tsadarsa. Safa ƙafa uku, masu kauri. Silifas na masauki ne kawai. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo, kada ka ji kunyar tsayar da mutane.

Tufafi: wanda ke jikinka, da canji ɗaya wanda za ka riƙa kwana da shi. Rigunan sanyi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin kana iya cire ɗaya in rana ta ɗaga. Hular sanyi, da hular rana, da man shafawa don leɓe da ƙafa. Wandon jins yana da nauyi, in ya jiƙe ba ya bushewa da wuri. 'Yan mata su zaɓi dogon wando a ciki da hijabi ko siket da ba ya jan ƙasa, don kada ya harɗe ƙafa a wurin hawa, su kuma sa audugar mata ko da ba lokacinta ba ne, da ledar zubar da ita.

Wajen kwanciya, sanyin da ke shiga jiki daga ƙasa ya fi na sama cutarwa. A shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora tabarma ko siririyar katifar soso, sannan bargo. In babu tanti, tamfol da igiya suna yin rumfa mai kyau, a juya bayanta ga iska. Kada a kuskura a shigar da garwashi ko risho cikin rufaffen tanti don jin ɗumi. Hayaƙinsa mara wari yana kashe mutum cikin barci.

Kowa ya riƙi tocila da ƙarin batir, da usur, da kofi, da cokali, da kwano, da ɗan sabulu. Kayan tarayya kuwa a raba su bisa ƙarfi: tukunyar alminiyam mara nauyi, ashana cikin leda a wurin mutum biyu daban-daban, wuƙa, buta, igiya, taswira, kamfas mai nuna arewa, da akwatin taimakon gaggawa. Wajen shirya jaka, a fara sa babbar leda a ciki. Bargo a ƙasa, abu mai nauyi a tsakiya jingine da baya, ruwa da tocila da rigar sanyi a sama inda hannu zai kai.

Ciyawar Disamba a bushe take, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobarar daji ta ci gonar wani. A share wurin wuta, a kewaye shi da duwatsu, a yi amfani da busasshen itacen da ya faɗi, a kashe wutar sarai kafin a kwanta. Bahaya a yi nesa da ruwa, a tona rami a binne. Duk ledar da ta hau dutse tare da ku ta sauko tare da ku.

In abu ya faru

Akwatin taimakon gaggawa ya ƙunshi filasta, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, almakashi, parasitamol, da ƙullin ORS. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri suna yin aikinsa ga mai gudawa ko amai.

Duk mai sikila ko asma ko farfaɗiya ya gaya wa malami, ya kuma ga likitansa kafin a sa sunansa. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala suna tada ciwon sikila. Faɗar wannan ba abin kunya ba ne, ɓoyewa ce take jefa mutum da abokansa cikin haɗari.

Duwatsu gidan macizai ne da kunamu. Kada ka sa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, ka kakkaɓe takalmi kowace safiya, kada ka fita da dare ba tocila. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo, a tallafe gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da yake da allurar dafin maciji. Wanne ne wannan asibitin, kuma ta wace hanya ake zuwa, malamai su sani tun kafin a tashi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Wanda ya ga ya rabu da ayari ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. Yawon neman hanya shi ke ƙara nisanta mutum da masu nemansa.

Aikin gida

Ƙanwata mai wasiƙa, ga abin da za ku yi kafin kasuwa. A wannan makon ku zauna da malaminku da taswira da zare, ku fitar da zango uku da lokacin kowanne. A mako na biyu malamai su je su ga mai gari da jagora, su dawo da tabbacin ruwa da na tsaro. A mako na uku kowa ya shirya jakarsa kamar yau ne tafiya, a je wurin mai sikeli a auna, sannan ranar Asabar ku yi tattakin kilomita biyar da ita. Na Kano ga Dala da Goron Dutse, na Zariya ga Kufena. A nan ne maɗaurin jakar da zai tsinke zai tsinke, takalmin da zai ci ƙafa zai ci, kuna kusa da gida. Da kun dawo kowa ya zazzage jakarsa a tabarma, ya ware abin da ya gane ba ya buƙata. Bayan nan ne za ku rubuta jerin sayayya, kuma za ku ga ya gajarce, domin rabin kayan suna ɗakin iyayenku.

In kun je kun dawo, ku rubuto mini. Ina so in ji kilo nawa jakar kowa ta yi, da abin da kuka ɗauka ba ku taɓa ba, da abin da kuka bari kuka yi da-na-sani. Zan buga mafi kyawun rahoto a wannan fili don masu zuwa bayanku su amfana.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida malamai, a kuma dage da karatu.